Mu Auna Ɗakin Likitan Ƙauye Da Tiyar Gaskiya

 

Maganarmu ta yau a kan ɗan ɗakin likitan nan ne na ƙauye, wanda ma'aikata suke ce ma kaz. Kun san shi: ɗan gini mai rufin kwano, da gado, da sikeli, da wurin ajiyar magani. Shekara fiye da 20 ke nan da aka fara gina irinshi cikin ƙauyukan Nijar. Manomi ba ya yabon gona tun tana kore, sai ya ɗaure damma ya ƙirga. To, lokacin ƙirga ya yi.

Bari in faɗa muku ra'ayina tun farko. Kaz ta ceci ƴaƴanmu da yawa, babu gardama. Amma a garuruwa da yawa ta zama wurin jiran maras lafiya, alhali rabin aikinta yana waje, cikin gidaje da bakin rijiya. Wannan rabin shi ne ya yi rauni. Laifin kuwa a rabe yake: akwai na gwamnati, akwai na ma'aikata, akwai namu.

MENE NE AIKIN LIKITAN JAMA'A?

Kafin a auna hatsi sai an san tiyar. Aikin likita iri biyu ne. Akwai na babban asibiti, kamar na Yamai ko na Filinge. A can mutum guda ake dubawa: an kawo shi, a gano ciwon, a ba da magani, a sallame shi. Akwai kuma likitan jama'a, namiji ko mace. Shi gari gaba ɗaya yake jinya. In an kawo mashi yaro mai zawo zai ba da magani, sannan ya tambaya: «Inna, daga wace rijiya kuke sha? Yara nawa ke zawo a unguwarku?» In ya ji yara biyar ne, kuma duk rijiyarsu ɗaya, ya san ciwon yana cikin ruwan. In bai gyara ruwan ba, gobe yaron zai dawo da ƙanenshi.

Aikinshi guda 4 ne:

1. Ya san garin da lissafi: mutum nawa ne, mata nawa ke da ciki, jarirai nawa aka haifa, wa aka yi ma lamba, wa ya kuɓuce.

2. Ya riga cuta isa gida, da lamba, wato allurar rigakafi, da awon ciki, da awon yara, da sange, da tsabtar ruwa.

3. Ya koyar da harshen da mutane ke ji, har uwa ta iya abin da kanta.

4. Ya yi aiki tare da mutanen gari, kuma ya san ciwon da ya fi ƙarfinshi, ya tura shi gaba da wuri.

Wannan tunani ya daɗe. A 1859, a birnin Libaful na Ingila, wani attajiri mai suna William Rathbone ya ɗauki wata mai jinya ta riƙa bin gidajen talakawa, tana jinya tana koya musu tsabta. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka yarda a kai aikin lafiya kusa da inda mutane suke zaune, kuma mutanen su sa hannu a ciki. Ga tiyarmu ke nan.

AKWATIN DA TSOFAFFI SUKA SANI

Nijar ba ta jira taron Alma-Ata ba. Tun cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, ma'aikatan animasiyo da na lafiya suka fara wani tsari. Gari ya zaɓi mutum, a yi mashi horo na ƴan kwanaki, a ba shi akwati mai nibakin, da asfirin, da maganin ido, da kayan wanke miki. Shi ake ce ma sakuris. Ungozomomi kuma aka koya musu wanke hannu, da yanke cibi da reza mai tsabta, da tura mai doguwar naƙuda wurin likita. Daga baya tsarin ya bazu cikin ƙasa. A 1975 Guy Belloncle da Georges Fournier suka rubuta littafi guda a kanshi.

Kyawun sakuris, ɗan gari ne. Ya san kowa, ana iya tada shi da tsakar dare. Amma ba shi da albashi, horonshi kaɗan ne, in magani ya ƙare da wuya a sake cika akwatin, kuma masu zuwa duba aikinshi suna daɗewa ba su leƙo ba. Shi ma magidanci ne: in rumbu ya yi ƙasa, dole ya tafi cin rani. A hankali tsarin ya mutu a mafi yawan garuruwa. Abin da ya koya mana shi ne, aikin sa kai ba ya daɗewa in ba mai ƙarfafa shi.

ABIN DA KAZ TA YI NA KIRKI

A zamanin shugaba Tanja Mamadu, da kuɗin bashin da aka yafe ma Nijar, an gina kaz kusan 2,000 cikin ƴan shekaru. Aka sa ma'aikata masu horon wata 6, ana biyansu. A 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 suna rasuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Ku ɗebe 128 daga 226. Saura 98. Wato kusan yaro ɗari cikin kowane dubu ya rayu, wanda a da sai dai a yi ma uwarshi gaisuwa. Masu binciken da suka buga wannan lissafi a mujallar likitoci ta Lancet a 2012 sun ce kaz, da magani kyauta, da rabon sange, da bitamin A, da jinyar tamowa duk suna da hannu a ciki. Duk wanda ya ce kaz ba ta yi komi ba, bai yi adalci ba.

To, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga aibi 4 da na gani.

AIBI NA FARKO: ZAMAN JIRA

Babban littafin da ke kan teburin kaz yana ƙirga waɗanda suka zo. Ba ya ƙirga waɗanda ba su zo ba. Su kuwa su ne suka fi shiga hatsari.

Ku dubi ƙasarmu. Cikin Dallol Boso, daga Baleyara zuwa Bonkuku, zuwa Filinge da Tukunus, ruwa yana kusa, garuruwa suna kusa da juna, ga hanyar mota. Amma in ka hau tudu, rijiya ta yi zurfi, tungaye sun warwatsu, ga rugagen Fulani da zangon Abzinawa. Hukumar lafiya tana ɗaukar mutum yana kusa da likita in tsakaninsu bai wuce kilomita 5 ba. Da wannan ma'auni, kusan rabin ƴan Nijar suna nesa. Mace mai goyo ba ta taka kilomita 12 don awo. Sai yaro ya galabaita a ɗora shi a amalanke, sau da yawa an makara.

A kan takarda akwai fita zuwa ƙauyuka don lamba da awo. Amma fitar tana bukatar moto, da mai, da akwatin sanyi na allura. Kuma ma'aikacin kaz sau da yawa shi kaɗai ne. In ya fita, ƙofa a rufe, mutane su yi gunaguni. In ya zauna, tungaye su tafi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga kuma rashin tsaro: tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, har da Abala, kuma tafiya cikin daji ta ƙara wuya ga ma'aikata. An kafa rele, wato ƴan gari masu taimakon likita, suna zaga gidaje. Tunani ne mai kyau. Amma in aka bar su ba kayan aiki, ba ihisani, ba mai leƙo su, abin da ya ci sakuris zai ci su.

AIBI NA BIYU: KYAUTA BA MAGANI

Bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka suka koma ga tsarin maras lafiya ya biya wani abu, a sake sayen magani da kuɗin. A Nijar an gwada shi a Boboye da Sayi a 1993, sannan aka baza shi. Magani ya samu, amma talaka ya ja baya. Kyautar 2006 ta maido da uwaye. Sai dai tsarinta shi ne likita ya ba da magani, ya rubuta takarda, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara, bashi ya taru ya kai biliyoyi. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu da yawa a kan wannan.

Ku kun san ƙarshen labarin. An duba yaro kyauta, an ce magani ya ƙare, ga takarda a je a saya. Uwar da aka mayar sau biyu hannu banza, karo na uku wurin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa za ta nufa. Ƙwayar da ta sha rana a kan tire, ba a san ranar lalacewarta ba, ba a san awon yaro ba. Duk alkawarin kyauta da ba a ajiye mashi kuɗi ba, amanar da ke tsakanin gari da likita yake ci.

AIBI NA UKU: HARSHE

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu ƴan yaƙi da jahilci. Karnen lafiyar yaro takarda ce mai daraja. A ciki ake rubuta nauyinshi, da lambar da aka yi mashi, da ranar dawowa. Uwa ce take ajiye shi, amma da Faransanci aka rubuta shi. Wata ɗalibata ta kawo mini karnen ɗanta, ta iya karanta Hausa sarai, ta ce: «Malam, ga baƙaƙen na sani, amma maganar ba tawa ba ce.» Ranar dawowa ta wuce da wata biyu, tana nan rubuce a hannunta.

A 2025 sabon kundin tsarin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, a fara da karnen yara. A buga shi da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, don dukansu ana jin su a kasuwanninmu.

Bayan harshen takarda akwai harshen baki. Akwai ma'aikata masu haƙuri, Allah ya saka musu. Akwai kuma masu tsawa: «Sai yanzu kika kawo shi?» Matar da aka kunyata gaban kishiyoyinta ba ta koyi komi ba, illa ta koyi ƙin dawowa. Koyar da babba dabara ce. Mu da aka yi ma horon malanta an koya mana a fara da abin da mutum ya sani, a tambaye shi, a bar shi ya gwada da hannunshi. Makarantun ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram ya kamata su ba wannan darasi nauyi daidai da darasin allura.

AIBI NA HUƊU: KOMITE MAI ƘIRGA KUƊI KAƊAI

An ce kowane likita yana da komite na mutanen gari. A wurare da yawa aikin komite ya tsaya ga akwatin kuɗi. Ba a zama a tambaya yara nawa suka rasu bana, da me ya kashe su, da wace tunga ce ba a je ba. Kuma galibi maza ne ke zaune, alhali mata ne ke ɗaukar ciki, su ne ke kwana da yaro mai zazzaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo.

SHAIDAR CEWA FITA TANA AIKI

Kada wani ya ce wannan mafarkin malami ne. Ga shaida daga ƙasarmu.

Kurkunu. Manya sun san yadda yake kwantar da manomi tsakiyar damina. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka kore shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da hana mai kurkunu shiga tabki, da ƴan gari masu ƙirga duk wanda ya kamu suna kai labari. Jihar Tilaberi tana cikin wuraren da ya fi daɗewa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Sanƙarau. A 1996 da 1997 ya kama mutum wajen 250,000 a ƙasashen Sahel, ya kashe wajen 25,000. A watan Satumba 2010, nan gundumar Filinge aka fara yin sabuwar allurar MenAfriVac a Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29. Ma'aikata suka fita gari gari, masu gari da limamai suka yi shela. Irin sanƙarau da ake ce ma A, wanda ya fi kisa a da, ya kusa ɓacewa. Sanƙarau yana da wasu iri, kamar C da ya ɓarke a 2015, don haka sa ido bai ƙare ba. In wuya ya sanƙare da zazzaɓi, a garzaya.

Maganin damina. Tun 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin sauro, sau ɗaya kowane wata cikin damina. Masu rabo suna bin gida gida.

Tsirin awon damtse. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA sun koya ma uwaye auna damtsen ƴaƴansu da wani tsiri mai launi uku. Kore, lafiya. Rawaya, a yi hattara. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa mai tsanani, a kai shi yau. An gano uwaye suna awon daidai, har waɗanda ba su yi karatu ba, kuma suna kawo yara da wuri.

Ku duba, duk guda huɗun abu ɗaya ya haɗa su: aikin ya taka ƙafa ya je wurin mutane, mutane kuma suka riƙe wani ɓangare da hannunsu.

NAMU LAIFIN

Iyayena, ku gafarce ni, ba a gyara sai an faɗi gaskiya. Maganin damina na kwana 3 ne. Na farko ana ba yaro gaban mai rabo, na biyu da na uku uwa ce za ta ba shi. Gida nawa ne ake ɓoye su a ce sai ya yi zazzaɓi? Sange nawa ne suka koma shingen lambu? Jarirai nawa ake hana ma nonon farko a ce ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafinsu na farko? Jariri ba ya bukatar ruwa ko jiƙo har wata 6, nono ya ishe shi ko da bazara.

Ku kuma magidanta, in za ku tafi cin rani, ku bar izini a fili gaban iyayenku: in yaro ya yi ciwo, ko naƙuda ta yi tsawo, a tafi likita ba sai an jira ku ba. Naƙudar da ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba ta haƙuri ba ce. Ita ke kashe jariri, ita ke jawo yoyon fitsari.

ABIN DA MAI KARATU ZAI IYA YI

Kun iya rubutu yanzu. Kashi na farko na aikin likitan jama'a lissafi ne, kuma kuna iya ɗaukar mashi shi.

1. Kowace cibiya ta sayi kaye guda, a sa mashi suna littafin lafiyar gari. A rubuta duk jaririn da aka haifa da ranar haihuwarshi, har na tungaye da rugage.

2. A gaban sunan a ja layi biyar don lamba: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9. A ƙara layi na shida don allurar ƙyanda ta biyu bayan ya shekara. Wanda layinshi yake fili, a je gidansu.

3. A rubuta masu ciki, da awo nawa kowace ta yi. Kada ya gaza 4.

4. A rubuta alamun hatsari da manyan baƙaƙe a manna a bango: yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana amai da duk abin da ya ci, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashinshi yana sauri. Ga mai ciki: jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani.

5. A kafa asusun amalanke ko na mota, kowane gida ya zuba ɗan abu bayan girbi, don daren da ba a fata.

6. Sau ɗaya a wata a gayyaci ma'aikacin kaz ko majo, a buɗe kayen gabanshi, maza da mata, a tambaye shi da ladabi, shi ma ya faɗi abin da ya rasa. In magani ne ya yanke, ku rubuta takarda da hannunku zuwa ga magajin gari da shugaban likitocin gunduma.

Hukuncina ke nan. Kaz gini ne mai amfani da aka tsaya a rabin aikinshi. Gwamnati ta ƙara ma'aikaci na biyu, ta biya bashin magani a kan lokaci, ta buga karne da harsunanmu. Ma'aikata su fito, su sassauta murya. Mu kuma mu riƙe lissafin ƴaƴanmu.

Ga tambayoyi 3 don zamanku na gaba a cibiya. Yara nawa aka haifa a garinku tun girbin bara? Wace tunga ce ta fi nesa da likita, kuma yaushe rabon da a je can da allura? Mata nawa ne cikin komitenku? Ku tattauna, ku rubuto mana amsa, za mu karanta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.